Hedifon Uku da Kunnen Baba

Mahaifinmu bai taɓa yarda cewa kunnensa ya yi nauyi ba. A wurinsa mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki su yi magana, sai ƙus-ƙus kamar masu gulma. In ka gaya masa abu ya ce "Mi?", ka maimaita ya sake cewa "Mi?", daga nan sai ya bi ka da kallon da zai sa ka ji kai ne mai laifi. Haka muka koyi ɗaga murya dukanmu. Ni da Allah ya hore wa maƙogwaro tun asali, abin ya bi jikina, har in na koma gidana a Ƙofar Kaura maigidan yakan ce mini, "Malama, nan fa ba gidanku na Gobarau ba ne, sassauta."

Tun da Baba ya yi ritaya daga ma'aikatar gona, zaure ya zama ofishinsa, rediyo kuma abokin aikinsa. Da safe labaran duniya, da hantsi karatu, da yamma waƙoƙin da. Bayan la'asar sai Kawu ya zo. Kawu taubashin Baba ne, tare suka tashi, gidansa yana can ƙarshen lungu kusa da masallaci. Malami ne na littafi, amma in ya shigo zauren Baba sai ya ajiye malantar a bakin ƙofa tare da takalmansa. Kowa a cikinsu cewa yake ɗayan bawansa ne, kuma ba wanda ya taɓa sallamawa. Baba zai kawo abin da ya ji a rediyo, Kawu ya ƙaryata, su yi ta musu har a kira magariba.

Yadda kunnen ke ƙara nauyi, haka Baba ke ƙara murɗa rediyon. Aka kai lokacin da mai ƙosan bakin titi ta san abin da ake ciki a duniya ba tare da ta mallaki rediyo ba. Da matar maƙwabcinmu ta haihu, sai mijin ya shigo zaure, ya durƙusa, ya yi ta zagaye-zagaye, da kyar ya iya cewa jaririn ba ya samun barcin rana. Yaron kirki ne, kuma gaskiya ya faɗa. Amma Baba mutum ne mai kunya da zuciya. Bai rage muryar ba, kashe rediyon ya yi ɗungurungum, ya naɗe shi a tsohon rawani, ya ɗora bisa kabad.

Daga nan ne abin ya fara ba ni tsoro. Zan zo in tarar da shi zaune shiru, hannu bisa gwiwa, yana kallon bango. Kawu ya zo ya yi ta zuba, Baba yana gyaɗa kai a inda bai kamata ba, ba musu, ba "ƙarya kake, bawana". Mutumin da ke cika gida da gardama ya koma kamar baƙo a zaurensa. Inna ta ce mini ko tuwo ya rage ci. Na kasa barci sosai a kwanakin, don na ga kamar ubanmu yana janyewa daga cikinmu muna kallo.

Na kira ƙanena, autanmu, wanda ke aiki a Kaduna. Ya ce abu mai sauƙi, a saya masa ɗan abin nan da ake cusawa a kunne, ya riƙa jin rediyonsa shi kaɗai. Aka kawo, Baba ya juya shi a tafin hannu, ya mayar. "Ba mai tura mani tsakuwa cikin kunne," in ji shi. Sai muka koma ga babban, hedifon, mai kama da faifai biyu da ke rufe kunne gaba ɗaya, da baka a tsakaninsu da ke hawa bisa kai. A nan rigima ta tashi tsakanina da Auta. Ni na ce tsoho abu marar nauyi yake so, wanda ba zai dame shi ba. Shi ya ce in dai ji ake nema, to a nemi mai fitar da murya tangaran. Tun muna yara ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba, ko da yawan gishirin miya ne. Inna ce ta raba gardamar, ta ce sai an gwada akan san na ƙwarai, kowa ya kawo nasa.

Ranar wata Asabar cikin bazara muka haɗu. Rana ta buɗe tun da hantsi, ba wuta, fanka tsaye cak. Na zo da nawa, ruwan toka, mai igiya, wanda na zaɓo da kaina a kasuwa bayan na sa mai shago ya sauke kusan rabin kayansa. Auta ya zo da baƙi, marar igiya, cikin akwati mai zif, yana riƙe da shi kamar jariri. Maigidana da ba a tambaye shi ba shi ma ya aiko da nasa, ja, wanda yake kallon ƙwallo da shi. Auta ya zuba abu uku a waya: karatun Alƙur'ani, da wani shirin labarai, da tsohuwar waƙar kalangu da Baba ke so. Baba ya zauna bisa kujerarsa ya gyara babbar riga kamar alƙali. Inna ta tsaya a ƙofar da ke shiga cikin gida, wai ita ba ruwanta, wucewa take.

Da jan aka fara, kuma nan take muka ci karo da abin da ba wanda ya yi tunaninsa: hula. Bakan bai da tsawon da zai haye bisa hular Baba ya kuma kai kunne.

"Baba, ko za ka ɗan cire hular?" in ji Auta.

Baba ya dube shi sama da ƙasa. "In zauna zaure kai ba hula, kamar wanda ya hito wanka? Mutane na wucewa?"

Aka danna shi haka nan. Hular da wanki da guga suka tsayar ta lotsa a tsakiya. Faifan suka matse masa ƙafafun tabarau a jikin kai. Auta ya kunna waƙar. Baba ya yamutsa fuska, ya daure na ɗan lokaci, sannan ya fizge.

"Wanga ba abin ji ba ne, awartaki ne. Ganga kawai shika bugu cikin kaina, mai waƙar kuma an tura shi bayan ɗaki."

Da aka sa karatu ma haka, muryar ta yi kauri ta dunƙule, haruffa ba sa fita. Aka ajiye Awartaki gefe, sunan kuma ya bi shi har yau. Maigidana bai ji daɗi ba da na ba shi labari, ni kuwa na ji.

Sai nawa. Na miƙe da kaina na sa masa, ina bayani kamar 'yar talla. Bakan ya buɗe ya haye hula lafiya lau. Faifansa yadi ne mai laushi, iska na shiga, ba nauyi ko kaɗan. Baba ya juya kai hagu da dama, ya ce, "To, wanga dai kamar babu shi." Na kalli Auta na ɗaga gira. Aka kunna labarai. Matsalar ita ce mu ma da ke tsaye muna jin labaran, har Inna daga bakin ƙofa ta ce, "Af, ashe ruwa aka yi a can." Baba ya ce a ƙara. Aka ƙara. Ya ce mai maganar kamar daga cikin gwangwani yake yi. Ana haka ɗan acaɓa ya wuce ta lungu, ƙarar babur ta haɗiye jimla guda sukutum. Baba ya kai hannu zai ɗauki kofin ruwa, igiyar ta sarƙe da carbinsa, wayar ta yi tsalle daga cinyarsa, Auta ya cafe ta a iska. Na ce ai laifin carbin ne.

Da aka zo kan baƙin, Auta ya buɗe zif a hankali don ya ba ni haushi. Yana da nauyi, faifansa manya ne, fata mai taushi da ke zagaye kunne ba tare da ta taɓa shi ba. Ya ja bakan, ya haye hula, ya zauna daram. Ya danna wani maɓalli, ya kunna karatu.

Ba zan manta fuskar Baba ba. Da farko ya zaro ido, ya dubi bakin Auta da ke motsi, ya dubi titi. Sai ya lumshe ido. Leɓɓansa suka fara bin ayar. Mu ba ma jin komai, ko ɗis. Wani babur ya sake wucewa, Baba ko gezau. Da aka kai ƙarshen sura ya buɗe ido, ya kwarara murya yadda mai hedifon ke yi ba tare da ya sani ba:

"Har numhwashin mai karatun nike ji!"

Inna ta dafe ƙirji. Mai ƙosai daga bakin titi ta leƙo. Aka sa waƙar, ya ce ga kalangu can gefe guda, ga 'yan amshi can, ga mai waƙar a tsakiya kamar yana zaune bisa tabarmar nan. Ya ce akwai wani baiti da ya daɗe yana zaton an yanke shi, ashe yana nan.

Ni dai ban sallama da wuri ba. Da ya cire, kunnuwansa sun jiƙe sharkaf, zufa na bin wuyan riga. Na nuna, na ce ku duba, wannan a watan azumi ai dafa shi zai yi. Na ce nauyinsa zai sa masa ciwon wuya. Na ce in caji ya ƙare ba wuta fa? Har Inna na jawo ta gwada bisa ɗankwali, ya danne mata 'yan kunne, ta ce a cire mata wannan masifa. Duk Baba ya saurare ni, ko ya yi kamar ya saurara. Sannan ya ciro hankici ya goge faifan baƙin da kansa, ya ɗora shi bisa cinya.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "naki ya hi daɗin sawa. Na yaron ga ya hi daɗin ji. Ni kuwa ji na rasa."

Auta ya koma Kaduna yana washe baki. Na kwashe nawa na tafi gida ina cika ina batsewa, amma a raina na yi murna, don rabon da in ga Baba haka an daɗe.

Makonnin da suka biyo baya gidan ya dawo daidai. Auta ya nuna masa yadda ake kama tashar rediyo a waya. Baba ya koma cin tuwonsa, ya koma kawo labari, ya koma ƙaryata kowa. Jaririn maƙwabta ya yi ta barcinsa. Zufar ma ya samo mata dabara, yakan ɗaga faifai ɗaya ya yi fifita da mafici, ya mayar.

Sai wata rana Inna ta kira ni ta ce Kawu ya daina zuwa. Baba ya zaci mura ce, ya tambaya a masallaci, aka ce lafiyarsa ƙalau. In sun haɗu a sahu, Kawu ya miƙa hannu su gaisa, ya juya ya tafi. A gidan suna Inna ta ji tushen maganar daga bakin matar Kawu. Wata ranar da zafi ya yi yawa, Baba ya saki asabari a ƙofar zaure, ya juya kujera yana fuskantar ciki. Kawu ya zo ya tsaya a waje ya yi sallama. Shiru. Ya sake. Ya yi ta uku. Da a ce shirun ne kaɗai, da ya ce ba kowa. Amma yana jin Baba ta bayan asabari yana bin waƙa da ƙarfi, har da buga ƙafa. Kawu kuwa mutum ne da ya karantar da mutane shekara da shekaru cewa in ka yi sallama uku ba a amsa ba, ka koma. Bai ɗaga asabarin ba. Ya koma.

Abin da ya fi ciwo shi ne abin da ya kawo shi ranar. Zuwa ya yi don ya ce Baba ya shirya, Baban ne zai jagoranci masu zuwa nema wa autan Kawun aure. Da bai samu amsa ba, sai ya tura wani. An je, an dawo, Baba bai ma san an yi ba.

Da Inna ta gaya masa, sai da ta maimaita, ba don bai ji ba. Sannan ya tashi ya mayar da hedifon cikin akwatinsa, ya ja zif, ya ɗora bisa kabad kusa da rediyo. Ya ce gara ya zauna shiru da ya wulaƙanta mutane a ƙofar gidansa. Muka koma inda muka fito, har ma da ƙari, don yanzu ba rediyo, ba Kawu.

Na kira Auta na sauke masa kwandon faɗa. Na ce garin neman gira ga shi mun rasa ido, kai da abinka mai toshe duniya. Ya bari na gama, sannan ya ce, a sanyaye, ai akwai wani maɓallin. Wai abin yana da 'yan ƙananan makirufo a jiki. In ka danna sau ɗaya ya toshe ƙarar waje, in ka sake dannawa ya jawo ta ciki, har ya ɗan ƙara mata ƙarfi. Shi da yake a mota yake sawa don ya huta da hayaniya, bai taɓa damuwa da na biyun ba. Na ce masa maganganu da yawa da ba zan rubuta a nan ba. Ranar Juma'a ya iso Katsina.

Baba ya ƙi ko kallon akwatin. Ni na zauna kusa da shi, na kai baki saitin kunnensa, na ce to ba sai ya sa ba, amma Kawu na da haƙƙin ya ga abin da ya hana a amsa masa. Zumunci a ƙafa yake, na ce, kuma ƙarshen lungu ba nisa. Ya harare ni, ya ce wa ya koya mini wa'azi. Amma bayan la'asar ya sa takalmi.

Mun tarar da Kawu a zaurensa bisa buzu, littafi a gabansa. Ya tarbe mu da gaisuwa cikakkiya, ta gida, ta iyali, ta zafi, ta gajiya, yana cewa "Alhaji" a kowace gaɓa. Ban taɓa jin ya kira Baba Alhaji ba.

Baba bai ba da haƙuri ba, bai yi bayani ba. Ya karɓi akwatin daga hannun Auta, ya buɗe, ya ce, "Malam, ara mani kanka." Kafin Kawu ya yi magana ya ɗora masa bisa hula. Auta ya kunna karatu. Kawu ya ɗaga hannu zai cire, sai hannun ya tsaya a hanya. Ya sunkuyar da kai, ya fara kaɗa shi a hankali.

Baba ya fita waje, ya tsaya a bakin ƙofa, ya kwaɗa sallama da muryar da ta tashi tantabarun gidan. Kawu na kaɗa kai. Baba ya sake, ya sake. Matan gidan suka amsa daga ciki, wani mai wucewa ma ya amsa. Kawu na kaɗa kai. Baba ya shigo ya zare masa abin.

"Sallama ukku na yi maka, Malam. Ka ƙi amsawa. In koma gida?"

Kawu ya dube ni, na gyaɗa kai. Ya dubi Auta. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke sa tari, har yana share ido da hannun riga. "Kai, bawan ga, Allah ya shirye ka! Ashe rijiya ka shiga ka ruhe bisa kanka!"

Muka yi ta dariya, ni har da zama a ƙasa. Da ta lafa, Kawu ya gyara zama, ya ɗaga murya yadda kowa ke yi wa Baba, amma ba wasa a cikinta.

"To amma bari in hwaɗa maka. Ko babu wanga abu, ka daɗe ba ka ji na. Ni nika ƙara murya ina maimaitawa, ban taɓa ce maka komi ba. Ka tahi asibiti a duba kunnen ga."

Na san abin da ke biyo bayan irin wannan magana. Baba ya dubi tabarma.

"Na sani," ya ce. "Zan tahi."

Auta ya matso, ya danna maɓallin nan, ya kashe karatun, ya sa wa Baba hedifon ba tare da ya nemi izini ba. Baba ya kasa kunne. Ya juya kai wajen ƙofar cikin gida, inda ake daka. Ya juya wajen bishiyar darbejiya, inda tantabarun suka koma. Ya dubi hannun Kawu, ya ce, "Carbinka ke ƙara haka?" Ni kuma na karkata wajen Auta, na ce ƙasa-ƙasa, da tun farko ya karanta takardar abin da duk ba a yi haka ba, sakarai.

"Uwata, bar zagin ƙanenki," in ji Baba.

Kawu ya miƙe, ya sa takalmi, ya fita daga zaurensa, ya tsaya a waje inda ba ma ganinsa. Ya yi sallama da muryarsa ta kullum, wadda yake yi wa kowa, ba ɗagawa.

Baba ya amsa tun bai rufe baki ba, ya amsa ta har ƙarshenta, da rahama da albarka. Sannan ya gyara faifan a kunne, ya ce, "Sake."

Kawu ya sake. Ni na tashi na shige cikin gida wajen mata, don ba na son Auta ya ga idona.